Faya-fayan Beatles: in ɗauki akwatin sitiriyo na 2012, ko in tsinci na mono ɗaya-ɗaya?

Abban Sadik, Kano:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema kafin in yi aikin da-na-sani. Ƙanena da ke karatu a Landan zai zo hutun ƙarshen shekara, ya kuma ci karo da wani dattijo yana sayar da akwatin faya-fayan Beatles, mawaƙan Ingilan nan huɗu, na sitiriyo (sauti ta lasifika biyu), wanda ya fito a 2012, faifai 16 har da littafinsa, a kan fam 280. Ya ce kwalin ya ɗan daku a kusurwa ɗaya, amma faya-fayan kamar ba a taɓa ɗora musu allura ba. Ni kuwa da faya-fayansu Rubber Soul da Revolver na tashi, a garmahon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Yanzu in na sa nasa sai ka ce gyaɗa ake soyawa a ɗakin. To in rufe ido in saya, ko in haƙura in riƙa tsintar na mono (sauti ta hanya ɗaya) na 2014 a hankali? Kuɗina ba su kai duka biyun ba, jakar yaron kuma kilo 23 ce, Umma ta riga ta cinye rabi da sautu.

Kawu Mai Garmaho, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifi, ya kai haske kabarinsa. Ɗana, kafin ka kai kuɗinka Landan, je ka ɗauko na mahaifinka ka duba min abu biyu. Wace kala ce takardar tsakiya? Sannan ka karkata faifan a hasken taga, ka dubi filin nan mai santsi tsakanin waƙar ƙarshe da takardar, za ka ga lambobi a jiki. In ka ga XEX, mono ne. In YEX ne, sitiriyo. In kuwa takardar baƙa ce da Parlophone a rubuce da rawaya, to abin da kake nema a Ingila yana ƙarƙashin gadonka. Tsohuwar zuma da ita ake magani.

Mai Kaset:
Fam 280! A canza su zuwa naira mu ji ko ba za su sayi rago biyu ba. Yaya, duk waƙoƙin nan suna cikin wayarka, ba allura, ba ƙura, ba sai ka tashi ka juya faifai bayan minti 20 ba.

Anti Bilki, Manchesta:
Mai Kaset, kai kullum sai ka shigo gidan masu kiwon tattabaru ka tambaye su me ya hana su sayen kaji. Bari mutane su yi maganarsu.

Injiniya Bala, Zariya:
Abban Sadik, bari in ɗan ja maganar, don kalmar nan "rimasta" da ake mannawa a kwali ita ce ke ruɗa mutane. Abubuwa daban-daban ne ake kira da suna ɗaya.

Akwatin da aka yi maka tayi ɗan gyaran 2009 ne. A sutudiyon Abbey Road an ɗauko uwayen tef na asali, aka juye su cikin kwamfuta, aka yi musu gyare-gyare, aka fitar da su a CD ranar 9 ga Satumba, 2009. Da aka tashi yin faifai a 2012, Sean Magee, injiniyan da ke yanka tsagin sauti a jikin faifai, bai koma kan tef ba, daga waɗancan fayilolin dijital ya yanka, masu bit 24, kuma ba tare da matsin da aka yi wa CD don ya ƙara ƙara ba. Ba mugun aiki ba ne ko kaɗan. Amma ka sani, dijital ne aka sa wa rigar faifai.

Na mono na 2014 hanyarsa daban. Masu tara faifai sun yi ta gunaguni kan na 2012, to da aka zo mono sai Magee da Steve Berkowitz suka ɗora tef ɗin asali a kan na'ura, sauti ya tafi kai tsaye zuwa allurar yanka, babu kwamfuta a tsakani. Suna yi suna duba bayanan da masu yankan shekarun 1960 suka rubuta, suna kwatantawa da bugun farko. A Jamus aka buga su, kamfanin Optimal. Shi ya sa ko masu taurin kai irin Kawu ba su cika samun abin faɗa a kansu ba.

Kawu Mai Garmaho, Kaduna:
Injiniya, na ji hannunka mai sanda. Ba na musu, na 2014 sun yi kyau, ina da uku daga ciki. Amma tef ɗin da aka ɗora a 2014 ya shekara 50 a ajiye. Wanda mai yanka Harry Moss ya ɗora a 1965 kuwa ɗanye ne shar, jiya-jiya aka gama shi. Tef yana tsufa kamar mu. Ni na yi aikin gidan rediyo shekaru, na san yadda tef ke zubar da garinsa a kan na'ura, ka goge da auduga ka ga ta yi ja kamar an shafa mata jar ƙasa. Abin da ya zube ba ya dawowa.

Injiniya Bala, Zariya:
Ranka ya daɗe, gaskiya ne tef na tsufa. Sai dai na EMI, kamfanin faya-fayan Beatles, ba a sito mai yoyo aka jibge su ba. Kuma akwai abin da masu son bugun farko ba sa son a taɓo: a wancan zamanin ana rage kaurin sauti da gangan, don kada allurar ƙananan garmahon da matasa ke da su ta riƙa tsalle. Labarin Rubber Soul na mono ai sananne ne, yankan farko ya fito da ƙara sosai, aka sake yanka shi a hankali. Wato ko a 1965 ɗin ma ba faifai ɗaya ba ne. To wanne ne "asali"?

Ɗan Zango, Kumasi:
Ni tambayata ta marasa ilimi ce, a yi haƙuri. Me ya sa mutum mai kunne biyu da lasifika biyu zai kashe kuɗi a kan mono? Ba koma baya ba ne?

Anti Bilki, Manchesta:
Ƙanena, ba tambayar banza ba ce, ni ma na yi ta. Je ka sa Please Please Me na sitiriyo da abin ji na kunne. Muryoyi duk suna kunne ɗaya, kayan kiɗa duk suna ɗayan, tsakiya wayam. Kamar kana zaune a soro, mawaƙi na ɗakin dama, makaɗa na ɗakin hagu, sun yi faɗa ba sa magana da juna. Dalili kuwa, a 1963 a tef mai layi biyu aka ɗauke shi, kuma an raba su haka ne don a ji daɗin haɗa mono, ba don a saurara a rabe ba. A lokacin yawancin gidaje a Ingila garmaho mai lasifika ɗaya gare su, rediyo ma mono ne. Don haka mono Beatles suke zama a kai, su da George Martin mai shirya musu sauti. Sitiriyo kuwa sau da yawa daga baya ake yinsa, su ba sa ma wurin. Ko Sgt. Pepper na 1967, mono aka fi ɓata wa lokaci.

Kawu Mai Garmaho, Kaduna:
Hajiya ta gama magana. Kuma ba wurin zaman murya kawai ba ne. "She's Leaving Home" ta mono ta fi ta sitiriyo sauri, muryar ma ta fi tashi sama. A farin faifan nan na 1968, wato White Album, "Helter Skelter" ta mono ba ta da ihun da Ringo mai gangarsu ya yi a ƙarshe, sai a sitiriyo. Haɗi biyu ne daban, ba wai an zuba sitiriyo cikin lasifika ɗaya ba.

Abban Sadik, Kano:
Allah ya saka da alheri, ina ta karuwa. Ina kasuwa yanzu, in na koma gida bayan isha'i zan duba lambobin, Kawu. Amma in mono ne gaskiya, me ya sa ba na ganin faifan Abbey Road a jerin na 2014? Shi ne wanda matata ke so, kuma ita ce za ta ga akwati ya shigo gida ta tambayi nawa.

Injiniya Bala, Zariya:
Don ba a yi masa haɗin mono ba tun asali. Farin faifan 1968 shi ne na ƙarshe da aka zauna aka yi wa mono nasa na kansa. Abbey Road na 1969 da Let It Be na 1970 'yan sitiriyo ne, an kuma riga an koma tef mai layi takwas, haɗin ya nuna sosai. A kan waɗannan ba ka da zaɓin mono, sai dai ka zaɓa tsakanin tsohon haɗi da sabo.

Mai Kaset:
To ga wata. Tun ɗazu ana ta "tef tsantsa, babu kwamfuta" kamar ana maganar man shanu da ba a yi wa algus ba. A 2022 fa? Kamfanin Mobile Fidelity na Amurka, wanda manyan masu kunnen zinariya ke rantsuwa da shi, ashe shekara da shekaru yana bi da sautinsa ta dijital kafin ya yanka. Wani mai shagon faifai a Phoenix ne ya fasa ƙwan, ba kunnen kowa ba. Mutanen da suka yi ta rubuta cewa suna jin "ɗumin analog" a faya-fayan nan, ɗumin me suke ji? Har kotu aka je, aka sasanta a kan kusan dala miliyan 25.

Kawu Mai Garmaho, Kaduna:
Yaro, wannan maganar amana ce, ba ta kunne ba. In ka ce min zuma ce na biya kuɗin zuma, daga baya na gane ka sa sukari, ba za ka ce min "ai ka sha ka ji daɗi" ba.

Mai Kaset:
Amma dai ka sha ka ji daɗi, Kawu.

Injiniya Bala, Zariya:
Yau dai zan tsaya a bayan Mai Kaset, da ƙafa ɗaya. Abin da lamarin nan ya nuna min shi ne, dijital in an yi shi da kyau kunne ba ya kama shi da sauƙi. Abin da kunne ke kamawa nan take shi ne hannun wanda ya yanka, da ingancin bugun, da kuma wane haɗi aka ɗauko. Ni abin da ya fi damuna da akwatin 2012 ba kwamfuta ba ce. Help! da Rubber Soul da ke ciki ba haɗin sitiriyo na 1965 ba ne. A 1987, da za a fitar da su a CD, George Martin bai gamsu da tsohon haɗin ba, ya sake haɗa su, kuma wannan na 1987 shi aka ɗauka a 2009 da 2012. Ba na cewa ya ɓata. Amma kwalin ba ya daka maka tsawa ya ce ga abin da ke ciki.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ku kuna ta gardamar tef da kwamfuta, ni rana ce ta raba min gardama. Bara wani abokina ya aiko min da faifai huɗu sababbi daga Faransa, masu nauyin giram 180 ɗin nan. Suka iso Yamai lafiya. Daga nan aka sa su a motar haya, yaron mota ya ɗaure kwalin a sama tare da buhunan albasa, cikin watan Afrilu. Da na buɗe a gida, biyu sun lanƙwashe, ɗaya in ka aje shi a tebur sai ya riƙa rawa kamar faifan tuwo. Allura na hawa tudu tana gangarowa. Na danne su tsakanin gilasai biyu da littattafai a kai wata guda, ɗaya ya ɗan miƙe, ɗayan yanzu agogon bango ne a shagona. Malam Abba, ko me za ka saya, ya shigo a hannun ƙanenka, kada ya kwana a but ɗin mota.

Anti Bilki, Manchesta:
Innalillahi, sannu Malam. Wato giram 180 ɗin ma bai hana ba.

Injiniya Bala, Zariya:
Ba ya hanawa, Anti. Kuma ba ya ƙara daɗin sauti. Zurfin tsagin da allura ke bi tun wurin yanka ake ƙayyade shi, kaurin roba ba ya canza shi. Nauyin dai yana da daɗi a hannu, shi ke nan. Ina da siraran faya-fayai na shekarun 1970 da suka fi wasu masu kaurin shiru.

Ɗan Zango, Kumasi:
To sababbin haɗin da Giles, ɗan George Martin, ya yi fa? Ni Abbey Road na 2019 nake da shi, ban ga laifinsa ba. Gangar Ringo kamar a tsakar ɗakina ake buga ta.

Kawu Mai Garmaho, Kaduna:
Wannan ba gyara ba ne, sabon gini ne a kan tsohon fili. Biyu daga cikin mutanen da suka yi waƙoƙin ba sa raye, shi kansa George Martin ya rasu a 2016. Wa ya ce a matso da ganga gaba?

Anti Bilki, Manchesta:
Kawu, da girmanka, a nan ba na tare da kai. Paul McCartney da Ringo suna nan, iyalan sauran biyun ma da yardarsu ake yi. Kuma ba a ƙona tsohon ba. Sgt. Pepper na 2017 ni ya burge ni, don Giles Martin komawa ya yi kan tef-tef na farko kafin a tara su wuri ɗaya. Ka san layi huɗu kawai gare su, in sun cika sai a juye su cikin wani tef a sami fili, kowace juyawa kuma sauti na ɗan dusashewa. Shi ya tsallake wannan, ya kuma bi haɗin mono a matsayin jagora. Sai ya zama sitiriyon da ke da ƙarfin mono.

Wanda nake ɗari-ɗari da shi Revolver ne na 2022. A can kayan kiɗa da yawa suna cakuɗe a layi ɗaya, babu wani tef na baya da za a koma, sai aka yi amfani da fasahar kwamfutar da mutanen Peter Jackson, mai shirya fim, suka ƙera ta rarrabe su. Kamar a ba ka kunu a ce ga gero, ga tsamiya, ga ruwa, kowanne a kwanonsa. Abin mamaki ne, na yarda. Amma da na sa shi sai na ji ɗakin ya yi faɗi da yawa. Revolver da na sani matsattse ne, kamar mutum huɗu a ɗan ƙaramin shago suna gogar kafaɗa.

Mai Kaset:
Tunda an zo kan Paul, a tuna dai a Legas ya ɗauki yawancin faifansa Band on the Run a 1973, sutudiyon EMI na Apapa, har 'yan fashi suka tare shi suka ƙwace kaset ɗin gwajinsa. Wannan kaɗai na sani, na ba da tawa gudummawar.

Ɗan Damagaram:
Kaset dai, kaset dai. Ko a tarihin ma sai da ka nemo ɗan'uwanka.

Abban Sadik, Kano:
Jama'a na dawo. Na jawo akwatin ƙarfen Baba, na sha ƙura har da atishawa. Akwai na Shata guda shida a ciki, da wasu na Indiya, da Beatles uku. Kawu, takardar baƙa ce amma rubutun ruwan azurfa ne, ba rawaya ba, da tambarin EMI a cikin ɗan akwati sama da ƙasa. A jikin Rubber Soul na ga YEX 178. Revolver kuwa yana da wani karce mai zurfi a gefe na biyu, farce na kama shi. Ina jin aikina ne ina ɗan firamare.

Kawu Mai Garmaho, Kaduna:
Ba bugun farko ba ne, na shekarun 1970 ne, amma bugun Ingila ne na gaske, daga tef aka yanka shi. Kada ka raina shi.

Injiniya Bala, Zariya:
Tsaya, tsaya. Abban Sadik, ka gane abin da ka faɗa kuwa? YEX na shekarun 1970 yana nufin haɗin sitiriyo na 1965 ne ka tashi da shi. Wannan haɗin ba ya cikin akwatin 2012, can na 1987 ne. Ba ya cikin faya-fayan mono na 2014 ma. Wato da ka biya fam 280 don ka sake jin Rubber Soul na ɗakin mahaifinka, da wani ɗan'uwansa za a kawo maka mai kama da shi.

Abban Sadik, Kano:
Ikon Allah. To amma soye-soyen fa? Ba ya sauraruwa.

Kawu Mai Garmaho, Kaduna:
Yaushe rabonsa da wanka? Shekara nawa yana shan hunturun Kano? Nemo ruwan batir, wanda ba a sa wa asid ba, irin tataccen nan da ake sayarwa a kwalba. Ɗiga sabulun wanke kwano ɗigo ɗaya tak a kofi guda. Sami ƙyalle mai laushi, ka bi tsagin a zagaye, kada ka ratsa shi, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Ɗauraye da wani ruwan mai tsabta, ka jingine shi a inuwa ya bushe da kansa. Kada ka kuskura ka yi wa na Shata haka da wani abu mai sinadarin giya in masu nauyin nan ne masu gudun 78, narkewa suke yi. Sannan wace allura kake amfani da ita?

Abban Sadik, Kano:
Wadda ta zo da na'urar. Irin mai kama da jakar hannu ɗin nan ce, na saye ta shekara huɗu da suka wuce, ban taɓa canzawa ba.

Anti Bilki, Manchesta:
Wayyo. Kuma a kan wannan za ka ɗora faifai 16 sababbi?

Injiniya Bala, Zariya:
Irin waɗannan sukan danna faifai da nauyin giram 5 ko fiye, alhali allura mai kyau wajen giram 2 take buƙata. A kansu ba za ka bambance 2012 da 2014 ba ko da Sean Magee na zaune kusa da kai yana nuna maka. Ni dai da kuɗina ne, rabi na'ura zan saya, ko ta hannu ce, mai hannun da ake saita nauyinsa. Ragowar in sayi Revolver na mono tunda naka ya tafi, da Abbey Road na uwargida. In kuma wata rana ka ji kana son mono gaba ɗaya, an sake buga akwatin a 2025, ba sai ka biya farashin 'yan kasuwar bayan fage ba.

Kawu Mai Garmaho, Kaduna:
Abbey Road ɗin ya zama tsohon haɗi.

Ɗan Zango, Kumasi:
Na 2019 dai, Kawu. Uwargida ce za ta ji, ba kai ba.

Abban Sadik, Kano:
Na wanke Rubber Soul da safe kamar yadda Kawu ya ce. Ruwan da ya fito kamar na wankin tukunyar koko. Na kai shi gidan wani maƙwabcina mai na'ura ta kirki muka sa. Soye-soyen bai tafi duka ba, akwai saura tsakanin waƙoƙi, amma muryoyin sun fito daga lasifikar dama ɗin nan sak yadda na sani. Baba a gefen nan yake aje kujerarsa, yanzu na gane dalili.

Na ce wa yaron ya ba dattijon haƙuri. Zai nemo Revolver na mono da Abbey Road, na bar masa zaɓin shekara ya yi ta fama. Injiniya, zan kira ka kan maganar na'ura. Ɗan Damagaram, in ya cire faifan daga kwalinsa ya jera su a tsakanin shaddodin Umma cikin jakar hannu, ya isa, ko sai an nemo katako?

Ɗan Damagaram:
Kwali mai tauri gaba da baya ya isa, a tsaye, ba a kwance ba. Kuma ka je filin jirgi da kanka ka karɓa.